Daga Zaure Zuwa Dandalin Kanti: Ina Makomar Ciyayya?

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin manyan kantunan zamani na biranen Nijeriya ranar Asabar da la'asar, ko kuwa a cikin kwanakin Salla, zai tarar da wani fili a can ciki wanda aka jera wa tebura da kujeru, masu sayar da abinci kuma sun kewaye shi, kowa da ɗan shagonsa da allon da ya rubuta farashi a kai. Mai saye yakan bi layi, ya biya kuɗi tun bai ga abin da zai ci ba, sa'an nan ya ɗauki tirensa da kansa ya nemi kujerar da ba kowa. Wannan fili shi ne za a riƙa kira dandalin abinci a cikin wannan maƙala. A nan ake ganin magidanci da iyalinsa, da saurayi da budurwa, da ɗalibai waɗanda suka yi karo-karo suka sayi faranti guda, da kuma waɗanda shan sanyi da kallo kurum ya kawo su.

Jama'a sun rabu gida biyu a kan wannan al'amari. Wasu na ganin ci gaba ne tsantsa, wasu kuwa na ganin ƙofa ce ta lalacewar tarbiyya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, kowane ɓangare gefe ɗaya ya kama. Sayen abinci a waje tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma dandalin ya zo da alherin da bai kamata a yi musunsa ba. Amma akwai abubuwa uku da ke cikin haɗari, watau ciyayya, da sana'ar masu dafa abincin gargajiya, da kuma sunayen abincin kansu. Abin da ya dace shi ne a karɓi tsarin, a zuba masa abincin gida da ɗabi'ar gida.

Asalin Dandalin Abinci

A Amurka ne tsarin katafaren kanti mai rufi na zamani, wanda ya ƙunshi shaguna masu yawa a inuwa ɗaya, ya bunƙasa. Wani masanin zanen gine-gine ɗan asalin Ostiriya mai suna Victor Gruen shi ne ya tsara Southdale, wanda aka buɗe a jihar Minisota a shekarar 1956. Burinsa shi ne ya samar wa mazauna bayan gari wata matattara irin dandalin biranen Turai, inda za a haɗu a gaisa. Kafin rasuwarsa sai da ya nesanta kansa daga abin da 'yan kasuwa suka mai da tunanin nasa. Dandalin abinci kuwa daga baya ya biyo. An gwada shi a wani kanti a jihar Fensilbaniya a 1971 bai karɓu ba, sai a 1974 ya yi nasara a kantin Paramus Park, daga nan sauran kantuna suka kwaikwaya.

Ya kamata mai karatu ya lura da dalilin ƙirƙiro shi. Masu kantin sun fahimci cewa yunwa ce ke korar mai sayayya gida, saboda haka idan aka ciyar da shi a wurin zai daɗe, in kuwa ya daɗe zai ƙara sayayya. Shi ya sa akan sa dandalin a can ƙurya ko a hawa na sama, don kada a isa gare shi sai an ratsa shaguna. Mai kantin ke da fili da kujeru, shi ke biyan masu shara, masu abinci kuma su biya shi haya. Kujerun ba na kowa ba ne a cikinsu, kuma an tsara wurin yadda mai ci zai gama da sauri ya ba wani wuri. Watau dai tun asali dabarar ciniki ce, abinci kuwa tarko ne.

A Nijeriya, gidajen abincin gaggawa sun riga manyan kantunan zamani yaɗuwa. Kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986, Chicken Republic ya biyo a 2004, KFC kuma ya shigo a 2009. Kantin The Palms na Legas, wanda Shoprite ya fara zama a cikinsa, an buɗe shi a 2005. Kano ta sami nata a 2014, lokacin da aka buɗe katafaren kantin da aka sa wa sunan Sarki Ado Bayero a kan titin Gidan Zu, Abuja kuma ta sami na bakin tafkin Jabi a 2015. Ke nan shekarun wannan al'ada a ƙasar Hausa ba su taka kara sun karya ba, har yanzu ɗanyen kara ce da za a iya tanƙwarawa.

Bahaushe da Cin Abinci

Masu cewa Bahaushe bai san abincin saye ba sun manta tarihi. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta yi ɗaruruwan shekaru tana tara baƙi, kuma baƙon nan ba da tukunyarsa yake yawo ba. Fatake suna da zango, suna da fatoma wanda ke saukar da su ya ciyar da su. Akwai 'yan tuwo-tuwo a bakin kasuwa da tasha, akwai mai fura da nono, da mai tsire da balangu, da mai waina, da mai ƙosai da koko, da mai ɗanwake, da mai gurasa. Daga baya teburin mai shayi ya zo ya zama majalisa mai zaman kanta. Sau da yawa ma karin kumallon gidan Bahaushe na birni saye ake yi daga maƙwabta.

Sai dai al'ada ta bambanta saye da ci. Dattijo yakan aiki yaro ya sayo, amma a zaure ko a cikin rumfarsa zai ci, ba a idon masu wucewa ba. Cin abinci a tsaye ko ana tafe abin kunya ne, haka nan cin abinci a gaban suruki. Malaman fiƙihu ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutuncin mutum har su shafi karɓar shaidarsa, ko da yake sun yi bayanin cewa wannan hukunci yana bin al'adar wuri da zamani, kuma sun yi rangwame ga ɗan kasuwa da matafiyi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ciyayya. Idan aka idar da sallar magariba, magidanta kan fito da akusansu ƙofar gida ko zauren babbansu, a haɗa su wuri ɗaya, a ci na wannan a koma kan na wancan. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ran nan yakan zauna ya ci ya ƙoshi, babu mai tambayarsa ina nasa akushin. Wanda aka yi wa miyar nama da wanda aka yi wa ta kuka tsura duk ɗaya suke a kan tabarma. Baƙo ya sami rabonsa, almajiri ya sami ragowa. A nan yaro ke koyon wanke hannu, da cin gabansa, da riƙe kwano, da barin nama sai babba ya miƙo masa. Kuma duk wanda ya zo wucewa sai an ce masa bismilla, shi kuwa ya amsa da alhamdu lillahi ko ya tsuguna ya sa hannu. A cikin laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa karamci da kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Zaman ciyayya makaranta ce ta waɗannan halaye biyu, kuma rufin asiri ne ga mara shi.

Alherin da Dandalin ya Kawo

Adalci ya wajabta a faɗi abin da dandalin ya gyara. Na farko shi ne tsabta. Wanda ya san yadda ƙuda ke bin tiren tsire, da yadda ake ɗauraye kwano ɗari a ruwan bokiti guda, ba zai raina wurin da ke da famfo da sabulu da makewayi ba. Kwalara da taifot ba su san al'ada ba, ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga.

Na biyu shi ne mata. Ciyayyar ƙofar gida ta maza ce, teburin mai shayi na maza ne, bencin mai tsire ma haka. Macen da ta fito asibiti ko makaranta ko wurin aiki, yunwa ta kama ta a gari, da wuya ta sami inda za ta zauna ta ci abinci ba tare da an bi ta da ido ba. Dandalin ya ba ta kujera. Har ila yau ya ba magidanci damar zama da matarsa da 'ya'yansa a teburi ɗaya, abin da a gidaje da yawa ba ya faruwa ko sau ɗaya a shekara. Wanda ke kukan lalacewar tarbiyya ya kamata ya tuna cewa fili ne buɗaɗɗe mai haske, kuma zancen da aka yi a idon jama'a ya fi wanda aka yi a lungu aminci.

Na uku, birni ya sake. Ma'aikacin da ke zaune a Hotoro yana aiki a Sharaɗa ba zai koma gida cin tuwon rana ba, haka nan ɗalibin da ya baro garinsu. In kiɗa ya sake, dole rawa ta sake. Don haka kiran a ƙaurace wa cin abinci a waje kira ne da ba mai amsa shi.

Abin da ake Asara

Duk da haka, akwai abin da ba ya shiga ƙofar kanti, shi ne bismilla. A dandalin abinci mutum biyu kan zauna a teburi guda, gwiwa na gugar gwiwa, wannan na ci wancan na kallo, babu wanda ya yi wa wani tayi, kuma ba wanda ya ga aibin haka. Kowa da farantinsa, kowa da rasit ɗinsa. Mai gadi na bakin ƙofa, saboda haka almajiri da mabaraci ba su isa wurin, ragowar kuwa a kwandon shara take ƙarewa tare da robar da aka zubo ta. Yaron da ya tashi a kan wannan tsari zai ɗauka cewa abinci haƙƙin wanda ya biya ne kaɗai. Ranar da ya zama magidanci, da wuya ya ga dalilin fito da akushi ƙofar gida. Ba a ce dandalin ne ya kashe ciyayya ba, domin gidajen haya da dogayen katangu da tsadar hatsi sun riga shi raunana ta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma dandalin shi ne ya zo ya sa wa cin kaɗaici rigar wayewa.

Abu na biyu shi ne tsada. Kuɗin da mai saye ke biya ba na abinci ba ne kawai. A ciki akwai hayar shago, da man janareta, da na'urar sanyaya wuri, da albashin masu gadi, da harajin kaya wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin 100 a 2020. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, watau bai kai naira 2,400 a rana ba. Mai karatu ya ɗauki wannan adadi ya tsaya gaban allon farashi, zai san ko wane ne aka gina wa wurin. Ciyayya tana ɓoye talaucin mutum, dandalin kuwa tona shi yake yi. Sau nawa saurayi ya ci bashi don ya kai budurwa, a ɗauki hoto da waya a watsa, alhali a gidansu da ƙyar aka ɗora tukunya? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma maganar ranar girki. Magidancin da ya biya ta kanti ya cika cikinsa, ya dawo ya ture kwanon matar da ta yini a gindin murhu, ya taɓa wani abu da ya fi tuwo. A gidan mace fiye da ɗaya ma, irin wannan kan zama mafarin husumar da sai manya sun shiga.

Abu na uku shi ne irin abincin. Abin da ya fi yawa a allunan nan shi ne soyayyar kaza da soyayyen dankali, da shawarma, da boga, da fiza, da askirim, da lemon kwalba. Mafi yawansu da fulawa ake yi, alhali mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga ƙasashen waje ake sayo ta da kuɗin waje. Gero da dawa da masara da wake da acca, waɗanda manomin ƙasar nan ke nomawa, ba su da rabo a cinikin sai kaɗan. Ta fuskar lafiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci ya kai giram 5 a rana, sukarin da ake ƙarawa kuma kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, watau kimanin giram 50. Kwalba ɗaya mai rabin lita ta wasu nau'o'in lemo takan ƙunshi kusan wannan adadi ita kaɗai. Gaskiya ne kunun zaƙi da zoɓon da ake sayarwa a titi su ma ana cika musu sukari, amma tuwon dawa da miyar kuka, ko dambu da zogale, ko fate, ba su da abin zargi ta wannan fuska.

Abu na huɗu ya shafi sashen Hausa kai tsaye, shi ne harshe. A allon farashi ba a rubuta Hausa. Dafa-duka takan koma sunan Turanci, kuɗinta ya ninka. Yaron birni yana iya lissafa nau'in fiza biyar, amma a tambaye shi bambancin alkaki da dubulan da nakiya, ko na funkaso da sinasir, sai ya yi zuru. Ludayi da mara da faifai da akushi da muciya suna neman zama kalmomin jarrabawa. Abincin da aka daina ci sunansa kan bi shi, kuma da sunan ake tafiya da karin magana da kirari da waƙoƙin daka da niƙa waɗanda suka rataya a kansa.

Darasi Biyu

Darasi na farko a Kano yake. Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya sayar da harkarsa ta Nijeriya ga 'yan ƙasa a 2021, kuma a watan Janairu na 2024 aka rufe reshen Kano, kusan shekara goma bayan buɗe shi, bisa dalilin matsin tattalin arziki. Wannan ya biyo bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A cikin wannan hali mai ƙosai ba ta tashi ba, mai shayi bai naɗe teburinsa ba, sun dai rage auna ko sun ƙara kuɗi. Kayan aro ba ya rufe katara. Sana'ar da saiwarta ke cikin gonar ƙasa ta fi jure fari.

Darasi na biyu daga Singafo yake. Ƙasar ta taɓa fama da masu tallan abinci a bakin titi, da ƙazanta da cunkoso. Maimakon ta kore su, sai ta yi musu rajista, sa'an nan daga farkon shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ta gina musu rumfuna masu rufi da ruwan famfo da magudana, ta kwashe su zuwa can a kan haya mai sauƙi. Tsarin zaman iri ɗaya ne da na dandalin kanti, watau shaguna a kewaye, kujeru a tsakiya, amma abincin na mutanen ƙasar ne, farashin kuma na talaka. Irin waɗannan cibiyoyi sun haura 100, kuma a watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Ashe tsabta da kujera ba su da gaba da abincin gargajiya.

Shawarwari

Da farko, ya kamata ƙananan hukumomi da hukumomin kasuwanni su gina irin waɗannan dandali a bakin kasuwa da tasha da asibiti da makaranta, da ruwa da makewayi da wurin wanke hannu, da sashen da iyali da mata za su sake. A ba da su haya mai rangwame ga masu tuwo da waina da fura da ɗanwake, waɗanda da yawansu zawarawa ne da matan da ke riƙe da marayu. Idan uwa ta sami tsayayyen wuri, an rage dalilin ɗora wa yarinya talla a lokacin da ya kamata tana aji. Duba-gari kuma su koma aikinsu na asali.

Na biyu, masu manyan kantuna su keɓe wa abincin gida shaguna, a rubuta sunansa da Hausa yadda yake, domin ba a sake wa tuwo suna. Su kuma shirya yadda abincin da ya rage da tsabtarsa zai isa ga mabukata kafin ya lalace.

Na uku, jami'o'i su fara da kansu. Wuraren cin abincin ɗalibai sun isa zama misali. Sashen Hausa kuwa yana da aikin tattara sunayen abinci da kayan girki da yadda ake sarrafa su a Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Damagaram, tun tsofaffin da suka san su suna raye, da kuma ƙirƙiro sunayen da suka dace da baƙin abincin da suka shigo. Wannan fage ne mai faɗi ga mai neman batun kundin digiri.

Na huɗu, wanda ba ya bukatar kasafin kuɗi, shi ne tayi. Ɗalibin da ya ajiye tirensa kusa da wani ya ce masa bismilla bai rasa kome ba. Uban da ya kai 'ya'yansa dandali ya sa a zuba musu a faranti ɗaya, ya sayi ƙarin ƙunshi ya miƙa wa na bakin ƙofa, ya koya musu abin da zaure ya koya masa.

Kammalawa

An ga cewa dandalin abinci dabarar ciniki ce da ta taso daga Amurka, ta iso ƙasar Hausa a ɗan tsakanin nan, ta kawo tsabta da wurin zama ga mata da iyali, ta kuma zo da tsada da cin kaɗaici da raina abincin gida. Hausawa sun sha karɓar baƙon abu su mai da shi nasu. Shayi da burodi baƙi ne, amma yau teburin mai shayi majalisa ce da ake bashi, ake tayi, ake jajanta wa juna. Babu dalilin da zai hana a yi wa dandalin kanti haka. Ma'aunin da za a duba shi ne, ko mai yunwar da ba shi da ko kwabo zai iya kusantar wurin ya ji an ce masa bismilla. Idan hakan ta samu, ciyayya ta sake zaure ne kurum. Idan kuwa ba ta samu ba, to, an sami kujera an rasa maƙwabci.